Agogon Asibiti a Ƙasan Akwati

Yaya Jannatu, wai ke ma kin yarda da zancen nan cewa ina kwance ba na motsi? Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara, da zaman Ibadan. Allah ya ƙara muku lafiya. Ni lafiyata ƙalau, kuma a zaune nake rubuta miki, ba a kwance ba.

Kin san an yi mini aikin hancin nan da ke toshewa yana sa ni ciwon kai. Yanzu iska na shiga har mamaki nake. Da za a sallame ni, wata nas mai suna Vivian ta ɗaura mini agogo baƙi, ta haɗa shi da wayata. Ta ce shi zai riƙa gaya musu yawan tafiyata, su ga yadda ƙarfina ke dawowa, in sun gama su karɓi abinsu. Ta ce ban da ɗaukar kaya, ban da sunkuyo, salla ma a zaune.

To Yaya, abin aro ne, kuma mai tsada. A gida ai ba haka aka koya mana ba, ka sa kayan mutane kana yawo da shi. Sai na naɗe shi a ƙyalle na sa a ƙasan akwati. Ni kuwa kullum da ƙafa nake zuwa shagon Oga Fidelis da nake koyon ɗinki. Ashe can asibiti sun ga mutum ko juyi ba ya yi. Lambar Kawu Haliru na rubuta musu, sai suka kira shi can garinmu Kaboji. Kafin maganar ta kai kunnen Inna, an ce na shanye.

Na je na bayyana musu. Vivian ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a hannu ake son shi ko da zai ƙarje. Yanzu yana hannuna, kuma likita ya ce tafiyar tawa daidai take, kullum ƙaruwa take. Yadda agogo ke sanin ƙafa alhali yana hannu, har yau ban gane ba.

Amma da na kira Inna na gaya mata, ta ce ƙaryar waya ce, sai an dawo da ni gida. In na koma, Oga zai ba wani keken ɗinkina, ga ƙurar sussuka da likita ya hana ni. Don Allah ki kira ta, maganarki take ji. Ni dai ba inda zan koma, na fara iya wuyan riga.

Ki gai da maigidanki, da Ruka, da Umar ɗan autanki. Zan tafi yanzu. Inna ta turo Kawu ya ɗauko ni, har da tabarmar kwantar da ni a mota. Da ƙafa zan je tasha in tarye shi.

Ƙanenki,
Nazifi