Kalandarka Biyu, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Idrisu, wanda duk Zangon Kumasi ke kira Masta.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga mahaifinta, da fatan makwancinka na da yalwa da haske. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake. Amma wata huɗu ke nan ina dawowa daga makaranta da magana cike da baki, ba wanda zan zazzage wa. In na kira Yaya Sule a Tamale na fara zancen aji, sai ya ce, "To, Allah ya taimaka," ina jin hankalinsa na wani wuri. Saboda haka yau kai zan faɗa wa, masu leƙe su leƙa.

Na yi ɓarna a ajinka, Baba. Gara in faɗa tun farko kafin kunya ta hana ni. Yarinyar da ta fi kowa ƙwaƙwalwa a ajin ta kawo mini takardar barin darasin in sa mata hannu, kuma ni na jawo.

Ka tuna ranar da ka yi ritaya aka ba ni ajin lissafin zaɓi, wanda yara ke kira I-Mas? Ka fi ni murna. Ni kuwa kaina ya kumbura. Na fito jami'a da kwamfuta a jaka, na yi shekara uku ina koyar da lissafin kowa da kowa, ina ganin yanzu ne za a ga aiki. Na zauna na tsara darussan shekara kaf cikin yini ɗaya, daga babi na ɗaya zuwa na ƙarshe, yadda littafi ya jero su. Na buga a takarda mai kyau na kawo maka. Ka duba, ka sake dubawa, ka ce, "Ya yi kyau, Uwata. Saura kalanda."

Kalandar nan taka! Tun ina ƙarama, duk farkon shekara sai ka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinka ka baje guda biyu, ta makaranta da ta watan Musulunci wadda kake saye wajen mai littattafai na bakin masallaci. Fensir a bayan kunne, tabarau a kan hanci, kana ƙirga kwanaki da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Marigayiya Inna takan ce, "Masta ya shiga halwa, kada wanda ya yi tari." Ni ban taɓa tambayarka abin da kake nema a ciki ba. Da na girma ma tsokanarka nake yi, ina cewa lissafi ba ruwansa da ganin wata. Ka ce, "Lissafi ba ya azumi, amma mai yin lissafin yana yi." Na yi dariya na wuce, na ɗauka irin maganganunka ne.

Bana ma ka sayo su, ko da yake ba ka da aji. Sau biyu ka kira ni, "Uwata, zo mu zauna kan kalandar nan." Na farko na ce ina gyaran takardun yara. Na biyu na ce sai Asabar. Kafin Asabar ɗin ciwon ya kwantar da kai, kuma ba ka tashi ba. Na kulle ɗakinka bayan sadakar arba'in, na jefa makullin cikin kwanon Inna, ban sake waiwayar ƙofar ba.

To ga abin da ya faru. A tsarin da na yi, lissafin kusurwa, wato su sain da kosain da dangoginsu, ya faɗo daidai farkon azumi. Ka san shi ne ƙashin bayan darasin, in yaro ya rasa shi, duk abin da ke gaba zai zama masa duhu. Kuma jadawali ya ba ni awa biyu na ƙarshe, bayan azahar, lokacin da kwanon rufin ajin nan ke gasa mutum. Fiye da rabin ajina 'yan Zango ne. Na tsaya gaban allo ina zana da'ira, ina ta zuba bayani, in juyo in tarar da idanu sun yi ja, kawuna na rinjaya. Ni ma bakina a bushe, raina a kusa. Na yi musu faɗa. Na ce azumi ba hujjar lalaci ba ne. Da bakina na faɗi wannan, Baba, ni 'yarka.

Yarinyar sunanta Fati. Ba ka san ta ba, ta shigo I-Mas ne bayan tafiyarka, amma da ka so ta. Mahaifinta fita ne, wato makaniki, a Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota, ita ma hannunta ya saba da sifana. Ranar da na kawo misalinka na injin niƙa, wanda kake cewa ka zuba masara gari ya fito, ka zuba lamba wata lambar ta fito, ita ce ta ɗaga hannu ta ce, "Madam, in aka ba ni garin, zan iya gane masarar da aka zuba?" Ta tambayi darasin sati biyu masu zuwa ba ta sani ba. So take ta zama injiniya, kuma ba ta faɗa da wasa.

Ita ce babba a gidansu. Ita ke tashi dafa sahur, ita ke komawa gida ta dama koko ta soya ƙosai na buɗa-baki. Duk na san wannan, a unguwa ɗaya muke. Amma da na ga kanta a kan tebur ranar wata Talata, sai na kira sunanta a gaban kowa na ce ta tashi ta tsaya. Ta tsaya har aka tashi.

Sati na uku na azumi na ba su gwaji, don haka takardata ta ce. Suka zube. Fati, wadda ba ta taɓa sauka daga sama ba, ta kasa kawo ko rabi. Washegari ta same ni a ɗakin malamai da takarda a hannu, ta rusuna ta fara da roƙo cikin yaren Twi, "Madam, me pa wo kyɛw, don Allah ki sa mini hannu. Kaina ba na I-Mas ba ne, na gane yanzu." Ba kuka take ba. Da kuka take da ya fi mini sauƙi. Ta riga ta yanke wa kanta hukunci, ta yarda da shi. Na ce ta bar takardar zan duba, na sa a jaka.

Madam Akosua, malamar Turanci, abokiyar zamanka ta shekaru, tana gefe tana jin mu. Da yarinyar ta fita ta matso da kujerarta. Ta ce da ni, cikin Hausarta mai ɗanɗanon Twi, "Ni na jira ki zo, ba ki zo ba." Na ce in zo ina? Ta ce duk shekara, sati biyu kafin azumi, kakan zo wajenta ka roƙi awanninta na safe, ka ba ta naka na rana, har sai an yi Sallah. Ta ce kakan ce yara na iya karanta labari da ƙishirwa, amma kusurwa sai da sanyin safiya. Kai kuma kakan riƙe mata aikin sa ido a makon Ista, in Babbar Sallah ta zo ka aika mata cinyar rago har gidanta a Kwadaso. Ta ce, "Bana na bar safiyata a buɗe, ina cewa Masta ya gaya miki."

Cinyar ragon nan, Baba, ni nake kai ta. Shekara nawa ina hawa trotro, motar haya, da ita a leda, ina mita a raina, ban san kuɗin mene ne nake kaiwa ba.

Ranar na ɗauko makullin daga kwanon Inna. Ɗakin na nan da ƙanshin man zafinka. Kalandun na kan tabarmar da ka naɗe, fensirin a tsakiya. Ka zagaye kwanakin azumi a kan ta makaranta. Ka ja kibiya, ka ɗauke lissafin kusurwa ka kai shi bayan Sallah. A gurbinsa ka rubuta zanen giraf da bitar abin da ya wuce, aikin da hannu zai yi ko da kai ya gaji. A gefe ka rubuta sunan Madam Akosua da alamar tambaya. Ka gama mini aikin, zama kawai kake so in yi ka nuna mini.

Na zauna a wurin na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni ma na yi shekara uku a ajinka ina ɗaliba. Azumi uku na yi a gabanka. Ban tuna ranar da na ji I-Mas ya yi mini nauyi da ƙishirwa ba. Na ɗauka ni ce mai ƙoƙari. Ashe kai ne ke kwashe duwatsu daga hanya kafin mu iso, ba ka taɓa faɗa ba.

Bayan Sallah na yi abin da ban taɓa ganin malami ya yi a makarantar nan ba. Na tsaya gaban aji na ce, gwajin nan na soke shi, laifina ne ba nasu ba, za mu sake lissafin kusurwa daga tushe. Wani daga baya ya ce, "Ei, Madam!" aka fashe da dariya. Fati ba ta yi dariya ba. Na kira ta gefe na ce ta ba ni sati uku. In bayan sati uku tana kan bakanta, zan sa hannu. Ta ce, "To, Madam," irin "to" ɗin da yaro ke yi wa babba don kada ya yi musu.

Madam Akosua ta ba ni safiyarta ko da azumi ya wuce. Ta ce bashin Masta take biya, ba sai na biya komai ba. Na fitar da su fili kamar yadda kake yi, da sanda da igiya, muka auna inuwar tankin ruwa muka gano tsawonsa ba wanda ya hau. Sati na farko Fati na zaune kamar baƙuwa, tana kwafar abin da ke allo, ba ta ɗaga kai. Sati na biyu haka. Kullum in dawo gida in ciro takardar nan in duba in mayar. Ba na jin daɗin abinci. Na fara tunanin ko na karya abin da ba ya gyaruwa, kuma ba kowa a gidan da zai ce mini a'a.

Jiya Laraba, saura kwana biyu wa'adin ya cika, ina aiki a allo sai na yi kuskure. Wallahi ba da gangan ba, hankalina ne ya rabu. Na ci gaba layi uku a kan kuskuren. Sai na ji murya a bayana, "Madam, ba haka ba ne. Kusurwar ta wuce casa'in, kosain ɗin ragi ne." Na juyo. Tana tsaye, ba wanda ya ce ta tashi. Na miƙa mata alli, ta zo ta goge layukana uku ta gyara, har da ɗan tsaki.

Da aka tashi ta biyo ni da wata tambaya da ta gagare ta a gida. Ba takarda a kusa. Na buɗe jaka, abin da hannuna ya fara taɓawa ita ce takardar tata. Na ajiye a tebur. Ta dube ta, ta dube ni. Sai ta juya bayan takardar, ta zaro biro, ta zana da'ira a kai. Muka yi lissafin har ya cika shafin, ta ninke ta sa a littafinta ta tafi.

Baba, da gudu-gudu na fito. A cikin trotro ina ta shirya yadda zan ba ka labarin, inda zan fara, inda za ka cire tabarau ka yi dariya. Na shigo gida ban ko ajiye jaka ba, na tsaya a ƙofarka na yi sallama. Sai da na ji shiru na tuna. Na daɗe a tsaye a wurin, kafin na je na ɗora ruwan shayi na mutum ɗaya.

Ka taɓa gaya mini azumi na matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara, sai ya yi wajen shekara talatin da uku kafin ya zagayo inda ya fara. Na ƙirga shekarunka na koyarwa, talatin da uku ne. Ka bi shi zagaye guda cif, kana kauce masa da darasi, kana kare 'ya'yan mutane, ya dawo ya same ka inda ya bar ka, sannan ka ajiye alli. Ni yanzu na fara nawa zagayen, kuma na fara shi da tuntuɓe. Na ɗauki fensirinka. Ragon bana ƙarami ne, amma cinyarsa za ta je Kwadaso, ni zan kai da kaina ba mita.

Allah ya jiƙan ka, Baba, ya jiƙan Inna. Yadda ka sauƙaƙa wa yaran mutane ba su sani ba, Allah ya sauƙaƙa maka hisabi. Ya shayar da kai ranar ƙishirwa, ya sa kowane yaro da ya fahimci abu a ajinka ya zama haske a kabarinka. Ka yafe mini Asabar ɗin nan da ban zo ba.

Na shimfiɗa tabarmar a ƙofar ɗakinka, kalandun na gabana. Na zo, Baba, na zauna.

Taka har kullum,
Uwarka.