Rundunar Ƙwallon Dabino

Ƙanena Habibu,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya sanyin Ingila? Mu nan unguwar Bani Malik a ƙasa mai tsarki lafiya lau.

Har yanzu ina wasan yaƙin nan na kan tebur da ƙananan sojojin roba. Na je sayen mahaya dawaki, mai shago ya faɗi ninkin farashinsu na wajenku, wai kuɗin jirgi ne. Na ce, "Kujera aka kama musu?" Na fito raina a ɓace, na zo na shafa wa ƙwallayen dabino fenti. Ranar Juma'a da su na fatattaki rundunar maƙwabcina Usman!

In za ka zo Umra, riƙo mini kwali ɗaya na mahayan. In babu hali, ka zo haka, dabino bai ƙare ba.

A sa mu a addu'a, a gaida Maryam.

Yayanka,
Sani