Ragar Keken Madam

Maradi, 1956

Yaya Hamidu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina Rabi da yara, ya albasar Jiratawa? Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san karatuna a lakwal bai yi nisa ba.

Yaya, rigima ce kan kekenka da ka bar mana, wanda ka saya wurin madam ɗin nan da ta koma Faransa. Ƙanenmu Maliki ya ce sai ya cire ragar da ta rufe wayoyin ƙafar baya. Wai samarin Sabon Gari na kiran shi "Madam Maliki", ga tseren keke zuwa Tibiri ranar Salla.

To kan keken nan yake ɗaukar Inna zuwa allurar ƙafarta. Ta ce in babu raga ba ta hawa, ta ga yadda waya ta ci zanen wata har da diddige. Mai gyara kuma ya ce ƙusoshin sun yi tsatsa, in an ɓamɓare ba ta komawa. Kekenka ne, ka yanke.

Ƙanwarka,
Atika

Jiratawa

Atika,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Maliki ma ya aiko, kuma dariyar nan ni ma na sha ta. Ga magana: ya yi tseren da raga. In ya zo baya, a cire, a nema ma Inna jaki.

Hamidu

Maradi

Yaya,

Barka da Salla. Inna ta ji maganar jakin, ta ce in gaya maka ba buhun gero ka baro gida ba.

Bari ka ji. 'Yan mata sun cika bakin hanya, don haka ba saurayin da ya yarda ya tuɓe babbar rigar Salla. Haka suka hau, shuni na walƙiya, duk sun fiɗe kekunansu tsirara wai don sauri. Kafin a bar gari rigar Jibo Dogo, mai yawan tsokanar nan, ta shige waya, sai ga shi cikin gero ƙafa sama. Wasu suka tsaya kwance riga, wasu na tuƙi da hannu ɗaya suna riƙe da ita. Maliki ko rigarshi na kaɗawa kan raga, ko a jikinshi. Shi ya fara shiga Tibiri, Yaya. Na yi guɗa har muryata ta tahi.

Jiya ya kai Inna allura. Dogo na bakin kasuwa da riga a yage, Inna ta ce Maliki ya rage gudu, ta ce, "Ɗana, ko Madam ta rage maka hanya?"

A gaida Rabi.

Taka,
Atika

Jiratawa

Atika,

Na gode Allah. Raga ta zauna. Ki roƙar mani Inna gafara kan jakin.

Hamidu