Kwalbar Kanumfari da Gorar Ruwa

Ni yayarku, wadda kuke kira Ƙaramar Mama tun da Mama ta rasu, nake rubuta wannan da hannuna a gadon asibiti na kusa da taga. Da hankalina nake, babu zazzaɓi a jikina, kuma nas ta tabbatar min maganin da na sha da safe ba ya juya tunani. Gobe za a yi min aikin zuciya. Likita ya yi wa Baba bayani a bakin ƙofa da murya ƙasa-ƙasa, ya manta a ƙirji ciwona yake, ba a kunne ba. Idan na farka, ku dawo min da takardar nan, kuma ban da dariya. Idan ban farka ba, ke Sarauniyar Faɗa ki karanta wa Auta a hankali. Kun san bakina nauyi yake yi a gaban mutane, shi ya sa na rubuta.

1. Littattafaina na kimiyya naki ne, Sarauniya. Amsoshin da na rubuta da fensir a gefen shafi ba duka ne daidai ba, kada ki haddace su. Littafin taswira mai yagaggen bango na laburaren makaranta ne. A mayar, a ba malamar haƙuri.

2. Auta, ki ɗauki 'yan kunnen Mama da bargona mai ruwan toka, tunda dama kin daɗe da ƙwace shi. Yayarki ce za ta riƙa yi miki kitso. Na san hannunta da zafi, ki daure. Ke kuma, Sarauniya, ki daina jan gashin yarinya kamar mai tuge ciyawa.

3. Maganin hawan jinin Baba kullum ne, kafin ya fita da mota. Zai ce ya sha. Ku tsaya har ku ga ya haɗiye.

4. Saura maganar Kanari, ƙawata, wadda saboda ita na nemi biro.

Kun san ta da waƙa a bakin rariya tana taya ni wanke-wanke. Shekara biyar muna benci ɗaya. Duk ranar da malami ya tsayar da ni murya ta maƙale, ita ke ɗaga hannu ta jawo hankalinsa har in samu numfashi. Abin da ba ku sani ba sai makon jiya, ni na san shi shekara biyu ke nan. Bayan rasuwar babanta ta fara aikin wanke kofuna ranakun Asabar a wani ɗakin taro, tana shanye ragowar giyar da baƙi suka bari. Daga nan ta koma sayen giya ta ƙananan ledoji, tana juyewa a gorar ruwanta ta ƙarfe wadda ba a ganin cikinta.

Ranar da na fara jin warin a aji, ban gaya wa kowa ba. Na ɗebo kanumfari a kwalbar Mama na ba ta ta tauna, don kada malamai su gane. Ni na koya mata. Kowace safiya sai in damƙa mata guda uku a bakin ƙofar makaranta, ina ganin abin da ƙawa ke yi wa ƙawa ke nan.

Da aka ce aikina yana bukatar jini, kuma irin nawa yana da wuyar samu, gwaji ya nuna nata ya dace. Har rawa ta taka a gaban nas. Aka ce ta ci abinci sosai, kada ta sha komai mai bugarwa kwana biyu kafin ranar. Ta dafa kaina ta yi alkawari. Ranar ta shigo da auduga da filasta a gwiwar hannu, ta ce an ɗiba, har tana tsokanata wai daga yanzu da muryarta zan riƙa magana. Baba ya sa mata albarka, ya daina yawon neman mai bayarwa. Sai da ranar aiki ta zo aka gano babu jini. An mayar da ita ne tun a ɗakin ɗiba, saboda hannunta na rawa, idonta ya yi ja. Filastar a kantin magani ta saya. An ɗaga aikin kwana tara, kuma abin da na ji a bakin ƙofa shi ne, kwana taran nan sun rage wa zuciyata ƙarfi.

Da a ce ta zo ta ce min ta sha, an kore ta, da na yi kuka mun rungumi juna. Shan giyar ciwo ne, na karanta, na yarda. Filastar ce ta tsaya min a rai. Sai da ta zauna ta yi tunani, ta yanka ta daidai, ta manna.

Amma ku ji nawa laifin. Ranar da ta zo da filastar, da ta sunkuyo ta gyara min matashi, na ji ƙamshin kanumfari. Na san ma'anarsa fiye da kowa a duniya. Kunya ta hana ni tambaya a gaban Baba.

5. Kwalbar kanumfarin tana cikin jakar makarantata. A mayar da ita kicin, inda Mama ke ajiye ta. Ko ƙwaya ɗaya kada a sake ba Kanari. Kada ku yi mata ƙarya wurin kowa, kada ku rubuta mata aikin gida idan ta kasa tashi. Duk na yi, ga inda ya kai mu.

6. Sarauniya, na ji kin rantse za ki tona ta a filin taro gaban shugabar makaranta, kin kuma ce in ta taka gidanmu da ruwan wanki za ki tarbe ta. Na hana ki. Saura wata biyu jarrabawar fita. In aka kore ta, ɗakin taron nan kaɗai zai rage mata. Maimakon haka, ku sa Baba ya raka ku wurin gwaggonta, mai riƙonta, ku faɗa mata komai ba ragi. Aikin da ya kamata in yi tun shekara biyu ne na bar muku, ku gafarce ni. Nas ta ce a asibitin nan, bene na biyu, ana ganin masu irin matsalarta duk ranar Alhamis da hantsi. Kada ta je ita kaɗai. Ba sai kin yi mata magana a hanya ba. Ki ɗaure fuska yadda kika iya, amma ki je.

7. A ba Kanari gorar ruwana, wadda ake ganin cikinta. A karɓi ta ƙarfen.

Sau uku tana zuwa bakin ɗakin nan, ina ganin takalmanta ta ƙarƙashin labule, ba ta shigo ba, ni ma ban kira ta ba. Na so in rubuta cewa na yafe mata. Na ɗora biro, hannu ya ƙi, kuma ba zan yi ƙarya a takarda irin wannan ba. Ina roƙon Allah Ya ba ni iko kafin allurar barci ta ɗauke ni. In ta tambaya, ku gaya mata haka, kada ku gyara.

Allah Ya yi muku albarka, Ya raya min ku, Ya ba Baba lafiya da haƙurin surutunku. Ku ci abinci tare ko kuna fushi da juna, kada kowa ta ɗauki kwanonta ta shige ɗaki. Idan Kanari ta ƙwanƙwasa da warin giya, ku buɗe mata, ku ba ta ruwa da wurin zama. Idan kuma ƙamshin kanumfari kuka ji, kada ku yi irin kunyata. Ku tambaye ta.