Sunan Alhaji Mamman da ruwan zinari

Anka, daren Laraba

Alhaji Mamman ya shigo shagona yau da hantsi, shi da ya kafa injin niƙa dutsen zinari a bayan gidanmu a Dareta. Ƙurar injin nan ce ɗiyata Hauwa'u ta shaƙa har ta rasu, ko yaye ta ba a yi ba.

Wai sitika yake so a gilashin sabuwar motarsa, sunansa da ruwan zinari. Ya ce, "Ka sa mashi baƙar inuwa ta baya, a hango shi tun daga nesa."

Ban san abin da ya zaunar da ni gaban kwamfuta ba. Na rubuta sunan, na kwafe haruffan, na faɗaɗa su kaɗan, na mai da su baƙi, na tura su ƙarƙashin na zinarin. Aikin ya yi kyau, wannan ya fi komai ƙona mani rai. Yana tsaye kaina yana sakace, yana cewa in ƙara kaurin inuwar.

Na sa ledar sitikar a injin yanka ke nan na juyo na ce, "Alhaji, ka tuna Hauwa'u?"

Ya yi tunani, tsakaninsa da Allah. Ya ce, "Wace Hauwa'u?"

Na kashe injin, na goge aikin yana kallo, na ce ya fice mani daga shago. Da na koma gida, Inna ta ce in bar shi da Allah. Na bar shi, amma hannuna ba zai yanka sunansa ba.