Saje Habu, Sun Yarda da Ƙafar Ma

Al-Naseem, Riyadh

Zuwa ga aminina Saje Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa kana kwance cikin rahama. Na san babu mai kai maka wannan takarda. Amma tun safe nake ɗaukar waya ina ajiyewa, ga shi babu wanda ya kai ka cancantar jin labarin nan. Shi ya sa na zauna a ɗakin gadi na ɗauki biro.

Habu, sun yarda. Ƙarar da muka ɗaukaka kan nakasata ta yi nasara. Matata Zuwaira ce ta karɓo takardar daga ofishin tsofaffin sojoji a gida, ta ɗauki hotonta ta turo mini. Kwamiti ya amince cewa a bakin aiki gwiwata ta hagu ta lalace. Ya kuma amince cewa ciwon ƙafar dama daga gwiwar ya samo asali. Za a gyara matakin nakasata, kuma su za su ɗauki nauyin aikin da za a yi wa gwiwar. Na karanta sau uku a tsaye, sannan na nemi kujera na zauna.

Ka tuna amsarsu ta farko? Sun ce ba a ga takardar asibitin bariki ba, saboda haka babu shaidar ranar da na ji ciwon gwiwar. Ƙafa kuwa suka ce tsufa ne. Ni da na yi shekara goma sha tara cikin kaki, sai ga shi ana tambayata hujjar ɗingishina. Fushin wannan amsa ne ya sa na karɓi bizar gadi na taho ƙasar nan, kana ta hana ni.

Ban taɓa gaya maka yadda aikin yake ba. Kullum ce maka nake lafiya lau. Sito ne na tayil, manyan motoci na shiga suna fita tun asuba, ni ke jan ƙyauren ƙarfe. Idan na hango motar kafil, ubangidan da ya ɗauke ni aiki, sai in miƙe sambal in daure, don kada ya ga ina ɗingishi ya ce ban iya aiki ba, ya ƙi sabunta mini iƙama, takardar izinin zama. Da safe, takun farko da zan yi, sai in ji kamar an soka mini ƙusa a diddige. Tafin ƙafar ya baje, takalmi ya daina shiga. A masallacin unguwa na koma sallah a kan kujera, a jere da dattawan da suka haife ni. Kunya ce ta hana ni faɗa maka.

Kai ne ka matsa sai an ɗaukaka ƙara. Ka ce abu biyu ake buƙata, bayanin likita da shaidar wanda yake wurin. Na je wani ƙaramin asibiti a Al-Badi'a don dai ka ƙyale ni. Likitan Basudane ne, mai furfura. Bai fara da hoto ba. Ya sa na yi tafiya daga ƙofa zuwa taga na dawo, sannan ya karɓi takalmana ya kifa su a kan tebur. Na hagu da sauransa, na dama ya cinye ta gefe guda. Ya nuna mini da yatsa yadda na shekara da shekaru ina kare gwiwar hagu, ina jibga wa ƙafar dama nauyin jikina duka, har ta gaji ta ba da kai. Haka ya rubuta, ya buga hatimi. Ranar ce na fara yarda cewa ba raki nake yi ba.

Saura shaida. A nan ne na yi maka laifi. Da ka kira ka ce za ka rubuta, na ɗaga maka murya. Na ce ni ba maroƙi ba ne, ka fita daga maganar, na kashe waya. Ashe maganarmu ta ƙarshe ke nan. Me ya sa ba ka ce mini jikin ya yi tsanani ba? Na ji muryarka ta shaƙe, na ɗauka mura ce.

Sai da na kira matarka Rabi gaisuwar rasuwa ta ba ni labari. Ta ce kwana uku ka yi kana rubutun, kana yi kana hutawa. Ta ce ka ƙi yarda a kai maka. Ka sa aka ɗora ka a bayan babur, ka je ofishin da kanka, ka sa hannu a gabansu. Bayan nan ba ka ƙara fita ƙofar gida da ƙafarka ba.

A cikin takardar yau sun haɗo da kwafin shaidarka. Yau na fara ganinta. Na gane rubutunka tun kafin in karanta. Ka faɗi hanyar da muka bi sintiri, da yadda tayar gaba ta fashe a kan tudun yashi, motar ta kife. Ka faɗi yadda ka janye ni daga ƙarƙashinta, ka goya ni har inda sauran motocin suke. A layin ƙarshe ka rubuta cewa kai ne kake tuƙi, kuma duk abin da ya same ni a hannunka ya faru.

Habu, ashe abin da kake ɗauke da shi ke nan duk shekarun nan? Shi ya sa kake kawar da kai idan na zo hawa matakala? Na lura, amma na yi shiru. Na ɗauka idan ban ta da maganar ba za ka gane babu komai a raina. Da na buɗe baki sau ɗaya na faɗa. To, bari in faɗa yanzu. Taya ce ta fashe. Na ga yadda ka riƙe sitiyari har ƙarshe, kuma mu bakwai muka hau motar nan, mu bakwai muka koma bariki da rai. Ban taɓa riƙe ka ba, ko na yini ɗaya. Ni ne ma zan nemi gafararka kan wayar nan da na kashe.

Labarin gida kuma, Rabi tana lafiya, ta ci gaba da sana'ar ƙuli-ƙulinta. 'Yarka Hadiza ta haihu, namiji, an sa masa sunanka. Zuwaira ta je suna, ta ce har goshin naka ne.

Da azahar na sami kafil na ce masa ba zan sabunta iƙama ba. Na taka zuwa ofishinsa da ɗingishina, ban ɓoye ba. Ya dube ni ya dubi ƙafar, ya ce in Allah ya so zai shirya mini takardun fita bayan wata biyu. Kafin in taho zan je Umra in yi maka ɗawafi. Ko a keken guragu aka tura ni, ba zan ji kunya ba. Ina sauka Damagaram, kafin asibiti, wurinka zan fara zuwa.

Allah ya yafe maka, ya haskaka makwancinka, ya haɗa mu a inda babu ciwo. Ka huta, Saje. Aikin da ka fara ya kammala.

Naka har kullum,
Kofur Isufu, mai ritaya