Tafin Hannunki a Bango

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, Umma, gaisuwar ɗa ga uwa, da fatan inda kike kwance ya fi inda kika bari. Autanki ne. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, amma akwai maganar da ta dame ni, kuma ba wanda zan iya faɗa wa sai ke.

Sana'ar fentin nan da kike min dariya a kanta ta zauna da gindinta. Kin tuna ranar da na bar wa Oga Sunday aikinsa a Rayfield, bayan shekara huɗu ina koyo a hannunsa? Na shigo gida da rola ɗaya, burushi biyu, da tsanin da aka haɗa min a kasuwar Katako. Kika dube ni, kika dubi tsanin, kika ce, "To, ɗan kwangila, ina ma'aikatan?" Har yau ni kaɗai ne, Umma. Ni ne oga, ni ne lebura. Mutanen Nasarawa Gwom nake yi wa aiki da sauƙi, waɗanda ba su da ƙarfin kiran kamfani, kuma alhamdulillahi ba na zaman banza.

Amma da farko ba wanda ya yarda ya ba ni bangonsa. Kowa sai ya ce in nuna masa aikin da na taɓa yi da hannuna. Shi ya sa na sa wa ɗakinki ido. Sau uku ina roƙonki, sau uku kina cewa, "Auta, ka bar min bangona, mun saba da juna."

Akwai wani wuri a bangon, gefen da kike shimfiɗa sallaya. Sanyin Jos bai taɓa raga wa gwiwoyinki ba. In kin idar da salla sai ki zauna ki murza su da man kaɗe, sannan ki dafa bango ki miƙe. Shekara da shekaru a wuri ɗaya, har shatin tafinki ya fito baƙi, yatsu biyar cif. A lokacin datti kawai nake gani.

Da aka kwantar da ke a asibiti, aka ce mako ɗaya za ki yi, sai na ce ga dama ta samu. Na fitar da kayanki tsakar gida, na shafe ɗakin da shuɗi mai haske. Oga Sunday ya sha faɗa mana, "Tabon mai ba ya mutuwa a ƙarƙashin fenti. Sai ka kankare, ka rufe da fentin mai, kafin ka sa na sama." Na san da haka. Amma sauri nake warin ya fita kafin ki dawo, don haka na bi kansa da fentin ruwa sau biyu, na ɗauki hoto ina nuna wa mutane. Da wannan hoton na samu aikina na farko.

Ban gaya miki ba. So nake ki shigo ki yi min faɗa, daga baya in kama ki kina murmushi.

Ranar kwana na tara kika cika. A ɗakin aka yi miki wanka, yana ta warin sabon fenti. Da 'yan ta'aziyya suka watse na shiga na zauna, na dubi gefen sallayarki, babu komai, bango sumul kamar ba ki taɓa zama a nan ba. Ranar na tsani hannuna, Umma.

Bayan sadakar arba'in damina ta kankama. Wata safiya na shiga ɗaukar tsani, sai na ga wani ɗan tabo rawaya a jikin shuɗin. Bayan mako biyu babban yatsa ya fito, sannan sauran, sannan tafin gaba ɗaya. Duk mai fentin da ya ga haka a aikinsa kunya ce za ta kama shi. Ni durƙusawa na yi na yi kuka har na gaji. Tun daga ranar ba na fita aiki sai na ɗora hannuna a kai, ashe naki bai kai nawa girma ba.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. An raba gado, an sayar da gidan. Ban ga laifin Yaya Sale da ya sayar ba, mu bakwai ne, gida ɗaya. Wanda ya saya ya yi cigiyar mai fenti mai sauƙi a unguwa, kowa ya nuna masa ni. Muka zagaya ɗaki-ɗaki, da muka zo naki ya tsaya ya nuna wurin da makullin motarsa, ya ce, "Wanda ya yi aikin nan bai iya ba. Ka tabbata wannan dattin bai sake dawowa ba." Na ce to.

Na so in ce ba zan yi ba. Sai na tuna in na ƙi, wani ne zai zo ya kankare shi yana jin rediyo, bai san hannun wa yake gogewa ba. Gara ni.

Na gama ko'ina, ɗakinki ne kaɗai ya rage, kuma jibi za su tare. Na sayo samfefa ta kankare bango, na sayo fentin mai. Gobe da safe zan shiga. Yanzu na iya aikina, Umma. Wannan karon ba zai dawo ba.

Kin ce in bar miki bangonki ban ji ba. Ki yafe min na farko, ki yafe min na gobe.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka makwancinki, ya sa ki a gidan da ba a sayarwa. Allah ya sa can ba kya buƙatar dafa bango kafin ki miƙe.

Naki har kullum,
Auta, ɗan kwangilarki